Layin Ran Litinin

Baban Madubi mutum ne mai ƙyanƙyami, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Idan ka miƙa masa hannu zai karɓa, don ba shi da wulaƙanci, amma kana juya baya za ka ji ƙarar famfo. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aiki a sashen nazarin haske na wata jami'a, a wani ɗakin gwaji na ƙarƙashin ƙasa da ba shi da taga, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ya kai loma baki a cikin ginin. A gida ma kofinsa daban, cokalinsa daban. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta sa masa ido.

Abin daga yarinta ya samo shi. Mahaifinsa bakanike ne, mutumin kirki mai yawan raha, amma baƙin mai ya shige ƙarƙashin faratansa har ba sabulun da ke iya fitar da shi. Idan ya yago burodi ya miƙa wa ɗansa, sai ka ga shatin babban yatsa baƙi ƙirin a jiki. Ɗan ya karɓa ya yi godiya, ya zagaya bayan gareji ya gutsire wurin ya yar. Ya ƙi koyon sana'ar, aka yi ta faɗa, bai koya ba. Yana da shekara goma sha tara ya samu aikin shara da wanke kwalabe a jami'a, kuma a nan tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin ya lura cewa kwalbar da ya wanke ba ta barin ko tabon ruwa. Ya jawo shi jiki ya koya masa goge madubi.

Madubin ɗakin ba irin na duba fuska ba ne. Ƙanana ne, wani bai fi murfin kwalba ba, an jera su a kan wani makeken teburin ƙarfe suna miƙa wa juna hasken leza. Ƙura ƙwaya ɗaya ta zauna a kai, hasken ya ƙona ta, madubin ya tashi aiki. Yadda ake goge su kuwa ƙa'ida ce: ɗigon sifirit ɗaya a kan siririyar takarda, a ja sau ɗaya, gefe ɗaya, a jefar da takardar. Ba a maimaitawa da ita, ba a hurawa da baki, ba a taɓawa sai da safar hannu. Ya riƙe wannan ƙa'ida fiye da yadda ya riƙe ranar haihuwar 'ya'yansa, har ɗalibai suka sa masa Baban Madubi, sunan ya bi shi.

Aikin da ake yi a ɗakin ba shi da wuyar faɗa, a yi shi ne wuya. A tsakiyar teburin akwai wani bututun ƙarfe mai tagar gilas a kowane baki, ana cika shi da iskar gas mai tsabta. Hasken leza na farko ya shiga ya kama ƙwayoyin iskar ya yi ta juya su kamar katantanwa, da saurin da hankali ba ya ɗauka. Sai a aika haske na biyu ya ratsa su. Idan ya fito, launinsa ya ɗan goce daga yadda ya shiga, ko ya karkata wajen ja ko wajen shuɗi, gwargwadon saurin juyin ƙwayoyin da kuma gefen da suke juyawa. Ido ba ya ganin wannan gocewar. Na'ura ce ke aunawa, ta zana ta a kwamfuta a matsayin layuka tsaye, jere kamar haƙoran mataji, kowane layi da gurbin da lissafi ya ce zai tsaya.

Mai ɗakin shi ne Farfesa. Ƙwaƙwalwa kam yana da ita, ba mai musu. Amma ƙazanta, sai wanda ya gani. Mutum ne da zai ci soyayyen kifi a kan teburin ofis, ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya sakace haƙori da gefen katin shaidarsa, sannan ya sauko ɗakin gwaji yana nuna madubi da ɗan yatsan nan yana cewa "wannan, wannan nake nufi." Sau biyu Baban Madubi ya kama shi ya hura wa gilas iska da baki ya goge da gefen riga. Duka ranakun bai iya cin abincin rana ba ko a waje. Bai taɓa yi masa magana ba, don Farfesa ne. Sai dai ya jira ya fita, ya bi duk inda hannunsa ya sauka da takarda da sifirit, yana tsaki ƙasa-ƙasa.

Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce kaɗai ta biyo hanyar. Ta yi digiri na farko, ta yi na biyu, ta shigo ɗakin gwajin nan tana neman na uku a ƙarƙashin Farfesa. Ranar da ta fara, uban ya ja ta gefe ya ce, "Nan wurin aiki ne. Ki riƙa ce mini Malam kamar kowa."

Ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, bakina ba zai iya ba."

Haka aka ci gaba. A gaban ɗalibai, a gaban baƙi, Baba ne. Yakan ɓata fuska, amma ransa fari tas.

A makon farko na aikinta aka haɗa sabon bututu. Farfesa da kansa ya zo ɗaura tagogin, bayan cin abinci, kuma ya ɗauki gilashin ta fuskarsa maimakon ta gefe. Baban Madubi yana tsaye yana kallo, ya ga shatin babban yatsa ya zauna daram a fuskar da za ta kalli ciki, aka ɗaure da kusoshi aka rufe. Duk ƙarshen makon nan shatin yana idonsa. Ran Litinin ƙarfe shida da rabi na safe ya buɗe ɗakin da makullinsa, ya kwance tagar, ya goge, ya mayar. Dokar ɗakin ita ce duk wanda ya buɗe bututu sai injin zuƙe iska ya yi kwana ɗaya cur yana aiki a kansa. Ya san dokar sarai. Amma ƙarfe takwas Auta za ta zo ta cika iska, kuma shi shekara da shekaru yana ganin sifirit yana bushewa a kan madubi kafin ka ƙifta ido. Ya bar injin ya yi rabin awa, ya kashe. Bai rubuta a littafin ɗakin ba. Wa yake rubuta cewa ya wanke hannu?

Litinin ta gaba ya leƙa ta gilashin, ya ga kamar akwai wani dusu-dusu. Ya sake buɗewa. Daga nan abin ya zama masa jiki, har ya daina jin cewa wani abu yake yi.

Tsarin aikin Auta kuwa ɗaya ne kullum, saboda Farfesa ya hana a cika bututun fiye da sau ɗaya a mako. Ran Litinin ta cika shi fal, sannan kowace rana ta ɗan saki iskar ta rage, ta auna, har zuwa Juma'a. Tun a watan farko ta ga wani layi a kwamfuta a wurin da lissafi ya ce babu komai. Ran Litinin yana tsaye zanƙalele, ran Laraba ya rusuna, ran Juma'a ya ɓace. Ta bincika wayoyi, ta canja madubai, ta sake lissafi, layin yana nan. Daga ƙarshe ta ce idan iskar ta cika sosai, ƙwayoyin da ke juyi suna gogar juna ta wata hanya da ba wanda ya taɓa aunawa, shi ya sa hasken ke gocewa zuwa wannan gurbin. Farfesa ya yi tsalle. Ya ɗauki layin ya yi ta yawon taro da shi, sunansa a gaba, nata a baya da ƙananan haruffa. Auta ba ta damu ba. Shekara uku ta zuba a kan layin nan, ta rubuta kundi mai shafi ɗari biyu, aka sa ranar da za ta kāre shi a gaban masu jarrabawa. Ɗaya daga cikinsu ya aiko cewa yana so ya ga layin da idonsa idan ya zo.

Saura mako bakwai, aka yi wa Baban Madubi aikin yanar ido. Likita ya ce mako uku a gida. Yana kwance da bandeji Auta ta shigo da yamma, fuska a murtuke, ta zauna a bakin gado.

"Baba, layin bai fito ba."

"Wane layi?"

"Nawa mana. Na cika iska yadda na saba, ba komai. Kamar an share."

Ya yi tsaki ya ce, "Ai na sani. Kwana nawa da barin ɗakin? Sun ƙazantar da shi. Bari in tashi."

Mako na biyu babu layi, na uku babu. Auta ta rame, ta daina cin abinci sosai, uwarta ta shiga damuwa.

Ranar da ya koma, da sabon ido garau, ya yi da-na-sanin aikin da aka yi masa. Dattin da tsohon idonsa ke rufa masa asiri a kai duk ya bayyana. Ɓurɓushin biskit a gefen teburin leza. Kofin shayi a bayan kwamfuta ya yi furfura. Gashi ɗaya, na gemu, kwance a kan madubi na huɗu. Wani ya manna cingam a ƙarƙashin kujera, kuma hannunsa ne ya gano shi. Ya canja safar hannu sau uku kafin ya gama. A ƙarshe ya kwance tagar bututun, ya goge, ya mayar, ya kunna inji rabin awa.

Ƙarfe tara ya ji ihu. "Baba! Ya dawo! Zo ka gani, wallahi ya dawo!"

Ga shi kuwa, tsaye zanƙalele. Ta riƙe hannun rigarsa tana dariya da hawaye tare. "Kai ne sa'ata, Baba. Kana dawowa ya dawo."

Ya yi murmushi, ya ɗaga hannu zai gyara tabarau, sai warin sifirit ya bugi hancinsa daga safar. Murmushin ya tsaya a fuskarsa ba tare da ya san yadda zai sauke shi ba. Litinin uku ba ya nan, Litinin uku babu layi.

Ya jira ran Alhamis, lokacin da layin ya kusa ɓacewa, kowa ya fita cin abincin rana. Ya kunna leza, ya ɗiga sifirit ɗigo ɗaya a bakin da iska ke shiga bututun, ya buɗe ya rufe. Bai kai ga zama ba layin ya miƙe har ya fi na ran Litinin tsawo. A nan ya gane sauran. A kan madubi sifirit yana bushewa ya bi iska. A cikin rufaffen bututu ba shi da wurin zuwa, sai ya jiƙe cikin zoben robar da ke toshe tagar, ya riƙa fitowa a hankali yana gauraya da iskar Auta. Ƙwayoyinsa ne ke goce da hasken. Tana rage iska, yana raguwa tare da ita. Abin da ta yi shekara uku tana aunawa, warin tsabtar ubanta ne. Ya kashe leza ya fita.

Washegari ya hau ofishin Farfesa. Ya same shi yana cin gyaɗa, ɓawon a kan takardun ɗalibai. Ya tsaya a tsaye ya faɗi komai, tun daga shatin yatsa har zuwa ɗigon jiya. Farfesa ya daina tauna.

"Malam, wa ya san wannan maganar?"

"Ni da kai ne, ranka ya daɗe. Sai Allah."

Farfesa ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya sassauta murya. "To ka saurare ni. Mako uku ya rage. Kai dai ka ci gaba da aikinka yadda ka saba, ran Litinin ka yi gogarka. Mai jarrabawa ya zo ya ga layi, yarinya ta karɓi digirinta. Daga baya a hankali sai mu daina maganar, ta mutu da kanta. Irin wannan nawa aka yi?"

"Amma ƙarya ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya yi ƙarya? Layin yana nan, ba zana shi muka yi ba. Malam, 'yarka ce fa. In ka buɗe baki, ni na yi suna, zan sha. Ita ce za ta koma farko, shekara uku a banza. Kuma za a tambayi wanda ya buɗe bututu bai rubuta ba."

Ya miƙo hannu, gishiri da maiƙon gyaɗa suna ƙyalli a yatsun. Baban Madubi ya karɓa, don bai taɓa ƙin karɓar hannun mutum ba. Ya sauka ya tsaya a gaban famfo ya yi saɓi uku, ya shanshana tafin, ya sake yi. Hannun ya yi ja, amma yana jin damshin nan a manne. A ransa ya so ƙwarai ya ce Farfesa ne ƙazami. Sai dai Farfesa shatin yatsa ɗaya ya bari, shi kuma ya yi Litinin fiye da ɗari yana zuba nasa.

Ran Asabar da hantsi matarsa tana shanya ta ga ya zauna a kan kujera ya zuba wa ƙasa ido. Ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta ajiye bokiti.

"Baban yara, shekara kusan arba'in ka hana mu sakat a gidan nan. Yaro ya taɓa maka kofi, sai an dafa kofin. Ashe can kai ne kake zuba wa yarinya datti a aiki."

"Ban sani ba."

"Yanzu ai ka sani."

"In na faɗa, na rusa ta. In na yi shiru, ta zama Dakta."

"Dakta a kan me?" Ta ɗauki bokitinta. "Ni ban yi boko ba, kada ka sa ni a ciki. Amma na san 'yata. Ranar da ta gano da kanta, kuma za ta gano, ba kuskuren za ta riƙe ba. Shirun za ta riƙe."

Ran Litinin ƙarfe shida da rabi ya buɗe ɗakin. Ya sa safar hannu, ya ɗauko kwalbar sifirit da takarda, ya tsaya a gaban bututun. Aikin minti goma ne, kuma hannunsa ya san shi ko ido a rufe. Ya leƙa ta gilashin, da sabon idonsa, ya ga tas yake, ba dusu-dusu ba komai, wataƙila ma tun gogar farko haka yake. Ya ja kujera ya zauna da kwalbar a cinya har ƙarfe takwas.

Auta ta shigo da fara'a ta gaishe shi, ta cika iska, ta kunna leza. Layukan suka jeru a gurabensu. Nata babu. Ta sake aunawa, babu. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Baba, ya sake tafiya. Na shiga uku. Mako uku kawai ya rage."

Ya tashi ya miƙa mata kwalbar. "Ɗiga ɗaya a bakin iskar. Ki buɗe ki rufe."

"Sifirit? A cikin bututu? Baba, kai da kanka ka ce—"

"Ki yi dai."

Ta yi. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa layin ya taso daga ƙasa, ya miƙe, ya tsaya daidai gurbin da ta yi wa shafi ɗari biyu. Auta ba ta da saurin kuka, kuma kanta yana ja. Ya ga idonta ya tafi kan kwalbar, ya tafi kan kusoshin tagar da suka goge saboda yawan kwancewa, ya dawo kan safar hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Tun makonki na farko. Kowace Litinin, kafin ki zo."

"Ban da uku."

"Ban da uku."

"Farfesa ya sani?"

"Tun ran Juma'a. Ya ce in ci gaba da gogewa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ya jira ta yi ihu, ko ta zage shi, ko ta jefar da kwalbar, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta rufe kwalbar da kyau ta ajiye, ta kashe leza, ta jawo littafin ɗakin daga kan shiryayye, ta buɗe sabon shafi ta ɗora biro a kai.

"Zan rubuta wa masu jarrabawa yau. Za su nemi ranakun, duka. A rubuta kowace Litinin da abin da aka yi, da minti nawa inji ya yi, a sa hannu a ƙasa." Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba. "In an gama a bar mini makullin a kan tebur, Malam."

Ƙofar ta rufe. Ya zauna a gaban littafin. Biron yana zamewa a cikin roba, dole ya cire safar, abin da bai taɓa yi ba a gefen teburin nan. Tafinsa ya jiƙe da gumi. Ya danne shafin da hannun hagu ya rubuta Litinin ta farko, da ya ɗaga sai ga shatin babban yatsansa a kan farar takardar. Ya kalle shi. Kwalbar sifirit tana nan kusa da gwiwar hannunsa. Ya bar ta inda take, ya sauka layi na biyu, saura ɗari da arba'in da wani abu.